Na'urar da ke ware gwanjo da kanta: za ta gyara mana dila kuwa?

Tambaya daga wata baiwar Allah da ke fasa dilar gwanjo a gidanta a Bolari, cikin garin Gombe: "Ɗana ya nuna min bidiyo a waya, wata na'ura a ƙasar Turawa tana ware tsofaffin kaya da kanta, babu hannun mutum. Shekara tara ina wannan sana'a, kullum dila ƙara lalacewa take yi, kuɗinta kuma sai hawa. In wannan na'ura ta yaɗu, za mu daina samun tsumma a dila? Ko kayan ne za su daina zuwa gaba ɗaya? Kuma in 'yan ƙungiyarmu suka haɗa kuɗi, za mu iya sayen irinta?"

Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya raya yaron da ya nuna miki bidiyon. Abin da kika gani gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Sai dai aikin da na'urar ke yi daban, wanda kike fata daban. Ita zaren da aka saƙa rigar take karantawa, ta ce wannan auduga ce, wannan roba ce. Ko rigar za ta sayu, ko akwai wanda zai yarda ya sa ta a jikinsa, wannan ba ta sani ba. Ni ilimin zare da saƙa na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na yi shekaru a ɗakin gwajin yadi na wata masaƙa har aka rufe ta, yayata kuma da gwanjo ta aurar da 'ya'yanta uku. Don haka ta gefe biyun nan zan amsa miki.

Sai mun bi rigar tun daga inda ta taso kafin ki ga inda na'urar take zaune. A Ingila, Jamus, Holan da sauransu, mutum kan zuba kayan da ya gaji da su cikin manyan akwatunan ƙarfe na bakin titi, ko ya kai shagon ƙungiyar agaji. Kaɗan ne ake sayarwa a can. Saura a sayar wa kamfanonin tantancewa a kan awon kilo. A nan ma'aikata, yawancinsu mata, suke tsaye gaban bel mai tafiya suna ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya: na maza, na mata, na yara, na sanyi, na zafi, zanin gado, labule, tawul. Daga nan kowane kaso a sake raba shi bisa kyau. Mafi kyawu, wanda suke kira kirim, yawanci a shagunan Turai yake tsayawa. Na biye da shi ne ake matsewa a dila mai kilo 45 ko 55 a yo Afirka da shi. Wani kuma ba a ma tantance shi a Turai, sai a tura shi Pakistan ko Daular Larabawa inda ladan ma'aikaci ke da sauƙi, can a ware shi, a ɗaure, a sake loda shi. Namu ta Kwatano da Lome yake sauka, ya ratso Legas ko Aba ko ya faɗo Ƙofar Wambai a Kano, kafin ya iso hannunki a Gombe.

To bayan hannun mutum ya gama tsince duk abin da zai sawu, akwai tulin da ya rage: yagagge, mai tabon da ba ya fita, wanda ya saki, wanda ya ci wanki har ya koɗe. Wannan tulin aka ƙera wa na'urar.

Ga yadda take aiki. Ana zuba kayan a kan bel, a baje su yadda ba za su hau juna ba. Sai su bi ta ƙarƙashin wata fitila mai fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, ana ce masa infared. Kowane irin zare akwai yadda yake shanye wani sashe na hasken ya maido saura. Yadda auduga ke maidowa daban, ulu daban, zaren roba irin su foliyesta, nailan da akirilik kowanne da nasa. Wani ido na lantarki ya kama hasken da ya dawo, kwamfuta ta gwada shi da samfuran da aka riga aka koya mata, kafin ƙiftawar ido ta yanke hukunci. Gefe guda kuma akwai kyamara da ke duba launi. Da rigar ta iso daidai akwatin da ya dace da ita, sai wasu ƙananan bututu su feso iska mai ƙarfi su hure ta ciki. Wannan hurewar ce kika gani a bidiyo, kaya na tashi sama kamar ana sheƙar hatsi.

Biyu ne suka fi suna. Akwai Fibersort, wadda kamfanin Valvan na Beljiyam ya ƙera, aka fara aiki da ita a Holan. Tana duba kamar riga ɗaya a kowace daƙiƙa, wajen kilo 900 a awa. Sai Siptex a birnin Malmo na Suwidin, wadda aka kammala a 2020, aka gina ta don ta ware tan 4.5 a awa, tan 24,000 a shekara. A Faransa ma an buɗe wata a garin Amplepuis a 2023. Dukkansu manufa ɗaya ce: a tara auduga zalla wuri ɗaya, ulu wuri ɗaya, foliyesta wuri ɗaya, domin masana'antar da za ta farfasa su ko ta narka su ta sake fitar da zare. Mai narka auduga ba ya son ko ɗan roba a ciki, domin yana ɓata masa tukunya gaba ɗaya. Ɗan ƙyallen nan na wuya da ke faɗin abin da aka yi rigar da shi kuwa, sau da yawa ya goge, ko an yanke shi, wani lokacin ma abin da aka rubuta ba shi ne a jikin yadin ba. Na sha gwada yadin da aka rubuta masa auduga ɗari bisa ɗari, in sami roba a ciki. A wannan fanni kam na'urar ta fi mutum nesa ba kusa ba.

Amma ko a fannin nata tana da makanta. Hasken nata, saman yadi kawai yake taɓawa, ba ya ratsawa. Ki ba ta kwat mai shafi, za ta faɗi abin da ke waje, shafin da audugar da aka cusa a tsakiya ba ta gan su ba. Wasu baƙaƙen yadudduka shanye hasken suke yi, ba abin da zai dawo balle a karanta. Robar nan mai talewa da ake sa wa wandon jins na zamani, in ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, takan ɓuya cikin auduga ta wuce ba a gane ta ba. Kaya masu danshi suna rikita ta. Zif da maɓalli da ƙarafan aljihun jins kuwa sai an cire su, da hannu ko da wata na'urar daban, kafin a kai ga niƙa.

Yanzu ki kwatanta da abin da ke faruwa a tsakar gidanki ranar fasa dila. Na sha zama kusa da Yaya ina kallo. Yaro ya datse ƙarafan ɗauri, dilar ta yi wani nishi ta kumbura, warin nan da kowa ya sani ya cika gidan. Sai ta miƙe ƙafa a kan tabarma ta fara ja. Ta ɗaga 'yar rigar yarinya ta saita ta da rana don ta ga ko akwai ƙananan huji. Ta juya hammata, ta duba wuya, ta ja robar ƙugu ta saki ta ji ko da sauran rai. Ta murza yadin tsakanin yatsa biyu. Duk wannan bai kai a ƙirga biyar ba, rigar ta riga ta tafi ɗaya daga tsibi huɗu da ke gabanta. Wata rana na ga ta ajiye wata doguwar riga sabuwa fil, da takardar shago a jikinta, a tsibin baya. Na ce Yaya, wannan ai ta fi kowacce kyau. Ta ce: "Kyanta na banza ne a nan, dubi bayanta a buɗe, wace uwa ce za ta saya wa 'yarta?" Ta ɗauko wata suwaita da ta ɗan tsufa ta sa a gaba, ta ce hunturu saura wata ɗaya, masu kai kaya Kumo da Dukku za su yi rububinta. A cikin wannan hukunci akwai sanin tarbiyyar gari, sanin lokaci, sanin aljihun mai saye. Hasken infared ba ya karanta ko ɗaya daga ciki.

Ba wai ba a ƙoƙarin koya wa kwamfuta wannan ɗin ba ne. A Suwidin wata cibiya mai suna Wargön Innovation ta ɗauki hotunan dubban tufafin gwanjo, gaba da baya, ƙwararrun masu tantancewa suka rubuta halin kowanne, don a horar da ƙirƙirarriyar basira ta riƙa gane tabo, huji, sunan kamfani da irin rigar. Ana samun ci gaba, musamman wajen gane cewa wannan wando ne, wannan siket ne. Amma riga a cukurkuɗe take zuwa a kan bel, tabon yana iya kasancewa a cikin ninki, kyamara kuma ba ta jin wari, ba ta gwada zif. A manyan wuraren tantancewa abin da ya fi yawa shi ne haɗin gwiwa: mutum ya ɗaga rigar ya duba, ya danna maɓalli ko ya faɗi rukuninta da baki, bel ya kai ta akwatinta. An rage wa ma'aikaci ɗauka da zirga-zirga, hukunci dai nasa ne.

Me ya sa Turawa suke zuba kuɗi haka a kan tsumma? Kayan ne suka fi ƙarfinsu. Hukumar kula da muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa tsofaffin tufafin da suke fitarwa waje sun tashi daga kimanin tan 550,000 a 2000 zuwa kusan tan miliyan 1.7 a 2019, kuma kashi 46 cikin ɗari na wannan Afirka ya zo. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ce a rahotonta na 2017, abin da ake sake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Daga 1 ga Janairun 2025 doka ta wajabta wa ƙasashen Tarayyar su riƙa tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. A cikin shekarar kuma suka yi wa dokar gyara: kamfanonin da ke sayar da tufafi za su riƙa biyan kuɗin tattarawa da tantancewa, kuma sai an tantance kaya kafin a fitar da su waje da sunan na sawa. Wannan ne suke kira tattalin arzikin da kaya ke zagayawa, wato riga ta yi aiki a jikin mutum na farko, ta koma na biyu, in ta mutu zarenta ya koma sabon yadi maimakon juji.

A nan ne na'urar za ta iya taɓa dilarki, ta bayan gida. Yau mai tantancewa a Turai in tsumma ya taru masa, sau da yawa biya yake yi a kwashe a ƙone. Mara tsoron Allah a cikinsu, ko wani dillali a tsakiyar hanya da ke kwance dila ya sake ɗaurewa, sai ya ga ya fi masa riba ya cusa shi a tsakiyar dila, ya lulluɓe da masu kyau, ke ki biya kuɗinsa a matsayin kaya. Ranar da tsumma ya zama abin da masana'anta ke saye da daraja saboda na'ura ta ware shi tsaf, dalilin cusa miki shi ya ragu. Fatan da nake da shi ke nan, kuma fata ne mai tushe. Sai dai ba na so ki ɗora lissafin kasuwarki a kansa tukuna. Kamfanin Renewcell na Suwidin, wanda ya gina babbar masana'antar narka tsohuwar auduga don a yi sabon zare da ita, ya durƙushe a Fabrairun 2024 saboda masu saye ba su zo yadda aka zata ba, sai da wasu suka saye shi suka canza masa suna zuwa Circulose. Muddin sabon foliyesta ya fi zaren da aka sake sarrafawa araha, tafiyar za ta yi nauyi.

Batun ko kaya za su daina zuwa, a'a, ban ga alama ba. Rigar da za ta sawu ta fi tsumman niƙa kuɗi ninkin ba ninkin, kuma da kuɗin dilar da ake sayar mana ne kamfanonin tantancewa suke biyan ma'aikata. Ba mai hankalin da zai niƙe abin da ke ciyar da shi.

Lalacewar dila da kike gani kuwa, asalinta tun daga shagon Turai ne. Tufafin da ake ɗinkawa yanzu masu araha ne, sirara, roba ta yi musu yawa, an yi su don a sa sau kaɗan a yar. Abin da ya shiga akwatin tattarawa da rauni, da rauni zai iso Gombe. Sannan masu kaya masu kyau sun koyi sayar da abinsu da kansu ta manhajoji irin su Vinted, kirim ɗin yana ƙarewa tun kafin ya isa akwati. Tsadar kuma ta dala ce da hanya: an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka saki naira a Yunin 2023, ke kin fi ni sanin abin da dila ta koma bayan nan. Akwai kuma wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya. A takardar hukumar kwastan ta Najeriya, gwanjo yana cikin kayan da aka haramta shigowa da su kwata-kwata, alhali babu kasuwar da ba a baje shi. Sana'ar da ke tufatar da miliyoyin talakawa, amma tunda a takarda babu ita, babu ma'aunin da aka gindaya wa mai shigo da kaya, babu inda za ki kai ƙara in an cuce ki. Cinikin biri a sama ake sa ku yi, asara kuma a kan mace mai ƙaramin jari take ƙarewa. Mutanen Gana da suka halatta abin, matsalarsu ta fito fili har ana muhawara a kanta: kasuwar Kantamanto ta Akra tana karɓar kaya kusan miliyan 15 a mako, wata ƙungiya mai suna Or Foundation ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari shara yake zama, ƙungiyar dillalan gwanjon ƙasar ta ce adadin bai kai ko kusa da haka ba. Su aƙalla suna da alƙaluman da za su yi gardama a kai.

Sayen na'urar kuwa, Hajiya, kada ƙungiyarku ta sa kuɗinta a nan. Ki duba lissafi: tan 4.5 a awa, in dila kilo 55 ce, dila kusan 80 ke nan kowace awa. Ina za ku samo tsumman da zai ciyar da ita ko na yini ɗaya? Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, injin matsa iska, da injiniyan da zai riƙa daidaita idonta, ga ƙurar hunturu. Babbar matsalar ma ita ce, in ta ware muku auduga zalla tan goma, wa zai saya? Gombe, garin da har unguwa guda ta ci sunan kamfanin audugar Turawa, wato BCGA, yau ba shi da masaƙar da za ta karɓi wannan zare, manyan masaƙun Kaduna kuma sun daɗe da yin shiru. A Panipat ta Indiya da Prato ta Italiya, inda ake mayar da tsofaffin suwaita barguna da sabon yadin ulu, masana'antar ce ta fara kafuwa, kuma shekara da shekaru da hannu ake ware musu kaya bisa launi da taushi.

Akwai ƙananan na'urorin infared na hannu, irin waɗanda kamfanin Matoha na Ingila ke yi, a ɗora yadi a kai ta faɗi zarensa. Ranar da kuka sami mai sayen tsumma da ya ce lallai sai auduga zalla, guda ɗaya ta ishi ƙungiya. Kafin nan, ashana ta wadatar. Ki zare ɗan zare daga cikin ɗinki, ki riƙe da almakashi, ki kusanta shi da wuta a wajen ɗaki, da ruwa a kusa. Auduga za ta ci da sauri, warinta kamar takarda, tokarta laushi. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar baƙin abu mai murmushewa a yatsa. Foliyesta da nailan tsukewa suke yi su narke, su bar ɗan ƙullutu mai tauri kamar an ƙona leda. Wanda ya yi toka kuma ya bar ƙullutu, gauraye ne.

Inda nake so ku sa ƙarfin ƙungiyar wuri biyu ne. Na farko, littafi. Kowace dila aka fasa, a rubuta tambarin da ke jikinta, wajen wa aka saya, nawa aka biya, guda nawa suka fito lamba ɗaya, nawa lamba biyu, nawa sai an kai wa tela, kilo nawa ne tsumma. Mace ɗaya in ta yi wannan, ta taimaki kanta. Mata ashirin in suka haɗa littafinsu na wata shida, sun san tambarin da za su guje wa da dilan da za su daina kai wa kuɗi, kuma in suka je da murya ɗaya dole ya saurare su.

Na biyu, ragowar da kuke tarawa a buhu a bayan ɗaki har damina ta ruɓar da ita. Ku ware ta tun ranar fasawa, tana bushe. Tishat da tawul da zanin gado na auduga a yanka su gwargwadon tafin hannu biyu, a cire zif da maɓalli. Makanikai da masu fenti da masu wankin mota auduga suke nema domin ita ke shan mai da ruwa, roba sai dai ta shafe shi. Masu roba da suwaitar akirilik su tafi wajen masu cusa matashi da katifa. Jins da ya mutu a gwiwa, cinyarsa da bayansa suna nan da ƙarfi, tela zai fitar da jakar makaranta ko gajeren wandon yaro. Zif da maɓallan da kuka cire ma ku tara a gwangwani, telolin gyara suna saye. Farare kuma a ajiye su daban da masu launi, domin duk mai sayen tsumma da yawa farin auduga yake fara tambaya, kuma ya fi biyan kuɗi a kansa.